Kakar Toronto, inda ganye ma yake da ranar kwasa

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Duk wanda ya kira ni a waya tambayarsa ɗaya ce, yaya sanyi. To yau ba zancen ƙanƙara zan yi muku ba, zancen kaka zan yi, wato daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, domin a duk lokutan shekara na Kanada babu wanda ya shiga raina kamarsa.

Unguwar da nake haya a Toronto cike take da bishiyoyin mapul, irin wadda ganyenta ke jikin tutar ƙasar tun 1965. Da Oktoba ya kama sai ganye ya soma zuba ba dare ba rana, har ya rufe hanyar masu tafiya a ƙasa. Maƙwabta suka fito da manjagara suna tarawa, suna ɗurawa cikin manyan buhunan takarda, suna jerawa a bakin titi. Wata safiya ina tsaye a ƙofa sai ga ma'aikatan kwasar shara, suka ɗauke buhunan ganyen nan daban, ba su haɗa su da sauran shara ba. Na tambayi wata dattijuwa da muke maƙwabtaka da ita ina ake kai su. Ta ce hukumar birni ce ke tara ganyen ta mayar da shi taki, kuma in lokacin shuka ya zagayo akwai ranakun muhalli da kansiloli ke shiryawa a mazaɓunsu, kowa ya je da bokitinsa da shebur ya ɗebi takin kyauta. Wallahi na daɗe a tsaye ina juya maganar.

Na bi diddigi daga baya. Duk bayan mako biyu ake zuwa kwasar ganye da rassa, tun daga tsakiyar Maris har tsakiyar Disamba. Wanda ya zuba nasa a leda ba za a ɗauka ba, saboda leda ba ta ruɓewa, takarda kuwa tare da ganyen take zama taki. Cinna wa ganye wuta a cikin gari haramun ne a doka. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ko a cikin gidanka bishiya take, matuƙar faɗin gangar jikinta ya kai santimita 30 in an auna daga tsayin mita 1.4, ba ka da ikon sare ta sai da izinin hukuma. Gidanka ne, amma inuwar da iskar na mutanen gari ne duka.

Nan fa zuciyata ta koma gida, kuma ku yi haƙuri zan faɗi gaskiya. Mu da safe ake share ganye a tara a gindin katanga a banka masa wuta, da leda da roba duk a ciki. Hayaƙin ya haɗu da ƙurar hunturu, yara su kwana suna tari, sannan damina ta zo mu cika duniya da kukan taki ya gagara. Mutum ya sayi fili, kafin ya haƙa harsashi ya riga ya kira mai gatari, bishiyar da ta girme shi ta zama itacen girki, ya malale tsakar gida da siminti, bazara ta zo kuma ya rasa inda zai sa kansa. Ba talauci ne ya sa mu haka ba. Manomin ƙauye ya fi mu sanin wannan, shi ya sa ba ya taɓa gawon da ke gonarsa: ya san da damina yake kaɗe ganye ya bar wa shuka rana da taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa. Mu 'yan birni ne muka yi watsi da abin da muka gada.

Shi kansa canjin launin abin kallo ne da ba a gajiya da shi. Daga wajen 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita, yini yana ci gaba da raguwa har dare ya fi shi tsawo, sai bishiya ta daina ƙera sinadarin klorofil mai sa ganye kore. Rawayar da ke ɓoye a cikin ganyen tun farko sai ta bayyana. Ja kuwa sabo ne, a lokacin ganyen yake haɗa shi daga sukarin da ya rage a jikinsa, shi ya sa shekarar da aka samu rana mai haske da dare mai sanyi jan ya fi fitowa zur. Titi guda za ka bi ka ga ja da rawaya da ruwan goro, ga koren bishiyoyin da ba sa kaɗe ganye a tsakaninsu. Babu abin da ke fitowa bakina sai tasbihi.

Su kuma mutanen nan ba sa barin abin ya wuce su. Hukumar gandun daji ta lardin Ontariyo tana da shafi a intanet da take bayyana kashi nawa cikin ɗari na ganye ya sauya launi a kowane gandu, da kashi nawa ya zube. Gandun Algonquin, wanda aka kafa a 1893, yakan cika maƙil a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, har mutane kan yanki izinin shiga da mota tun kafin ranar. Wanda bai iya nisa ba ya tafi wurin shaƙatawa na High Park a cikin gari, ko ya tsaya bakin kogin Humber ya kalli manyan kifayen salmon suna tsalle, suna haurawa sama don su zuba ƙwai. A wannan lokacin ne kuma wani irin malam-buɗe-littafi mai ruwan goro yake tashi daga nan ya nufi duwatsun Meziko, tafiyar dubban kilomitoci.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Akwai wani injin hura ganye da masu gyaran harabar gidaje ke goyawa a baya, ƙararsa tana shiga har ƙwaƙwalwa, kuma da sassafe suke tayar da shi, ranar da ka dawo daga aikin dare kana neman barci. Na tsani injin nan. Ganye in ya jiƙe santsi gare shi, ga shi yana toshe magudanar ruwa a bakin titi. Buhunan takardar ma ba kyauta ba ne, sai ka saya, kuma in ruwan sama ya dake su kafin ranar kwasa gindinsu ya ɓarke, aiki ya dawo sabo. Sai kuma duhu. Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan magariba ta koma wajen ƙarfe biyar, azahar da la'asar da magariba duk su same ka a wurin aiki. Yinin da ya haura awa 15 a Yuni, kafin ƙarshen Disamba ya koma kamar awa 9. A irin wannan yammacin ne kewar gida take kama ni sosai, in tuna sanyin safiyar farkon hunturu, da yadda kuka ke tsayawa ba ganye ko ɗaya, da hasken rana da ba ya yi mana rowa.

Mu ma muna da kakarmu, muna da damina da hunturu da bazara, kowanne da kamanninsa, amma ban taɓa ganin uba ya kama hannun ɗansa ya fita da shi musamman don ya nuna masa yadda gari ya sauya ba. Yaranmu da yawa ba su iya bambance gawo da marke, kuma laifinmu ne.

Ƙannena da ke gida, don Allah ganyen da za ku share bana kada ku ƙona shi. Ku haƙa rami a gefen gida ku riƙa zubawa, ku tsince leda, ku yayyafa ruwan wanke-wanke marar sabulu, ku riƙa juyawa lokaci-lokaci. Kafin ruwan farko ya sauka za ku sami abin da za ku zuba wa shuka.