GARGAƊI: masu tallan injin yin biron katako da alƙawarin "mu za mu saye", a yi hattara da su

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya ga wannan rubutun ya daure ya karanta, ya kuma tura wa matasan gidansu musamman masu neman sana'ar hannu. Akwai wasu mutane da suka fito da hanyar cinye kuɗin yara a Facebook da TikTok da sunan koyar da yin biron katako, abin ya faɗa kan ɗan yayata, kuma da na shiga guruf ɗin nasu na WhatsApp ta wayarsa na ga ba shi kaɗai ba ne, yara ne da yawa har da mata. Ni sana'ata kenan gurza katako a inji, ƙafar tebur, ƙafar gado, sandar labule, ina kuma yin biron jefi-jefi in an ba ni oda, saboda haka abin da zan faɗa na san shi da hannuna.

Tallan nasu bidiyo ne mai kyau wallahi. Za ka ga guntun katako yana juyawa a inji, ana sa masa cizal, wato ƙarfen gurza katako, ɓawo yana tashi, kafin minti ɗaya an nuno biro yana ƙyalli a cikin ɗan akwati. Sai murya ta ce za su ba ka inji da kayan aiki cikakku a kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba, su koya maka a sati ɗaya ta waya, sannan duk biron da ka yi su za su saye su fitar waje a biya ka da dala. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon. Yaro yana jin an ce kasuwa tana nan a shirye shikenan ya daina tambaya.

Da farko kuɗin fom da rajista, ba yawa, don dai ka sa ƙafa. Daga nan kuɗin inji, kuma asusun da za su turo maka na mutum ne ba na kamfani ba, sunan da ke kan asusun daban da na wanda kake magana da shi, in ka tambaya a ce ai na akanta ne. Wasu daga nan ake rufe su, ba inji ba labari. Shi ɗan yayata an turo masa kaya ta tasha, ya kawo min shago yana murna yana cewa "Kawu ga injin ya iso, zo ka haɗa min." Ina ɗaga kwalin da hannu ɗaya gabana ya faɗi, domin bai fi dutsen guga nauyi ba.

Abin da ke ciki ɗan ƙaramin injin nan ne mai gindin alminiyon, moto ɗinsa wajen wat 100, yana aiki da adafta mai ba da wuta volt 12 zuwa 24. Shi kansa injin ba jabu ba ne, an yi shi ne don ƙananan abubuwa irin ƙwayar carbi da goge ɗan abu, kuma a wannan aikin yana yi daidai gwargwado. Amma ba shi aka nuna a bidiyo ba. Na bidiyon gindinsa ƙarfen zubi ne, irin waɗannan nauyinsu yana kai kilo 30 zuwa 40, moto ɗinsu daga wajen wat 370 ya yi sama, kuma bakinsu yana da rami mai tsukewa da ake kira MT1 ko MT2 inda sandar ɗora biro take zama daram. Na yaron nan kuwa muna ɗora masa guntun madaci na ɗan kai cizal sai moto ya yi ƙara ya tsaya, in ka sassauta ya tashi, in ka taɓa ya sake tsayawa, ga rawa da yake yi a kan benci sai an danne shi da hannu.

Bari in faɗi yadda ake yin biron nan da gaske, don duk wanda ya san wannan ba za a yaudare shi da sati ɗaya ba. Katakon biro guntu ne kamar santimita 2 kowane gefe, tsawo wajen santimita 13. Ana raba shi biyu, a huda kowanne a tsakiya da bakin huda mai milimita 7 in siririn biron nan ne da kowa yake farawa da shi, sai a kankare bututun tagulla da samfefa a shafa gam a zura a ciki, a bari ya kama, a daidaita bakin katakon ya zo daidai da bakin bututun. Sannan a jera su a kan siririyar sandar ƙarfe tare da wasu ƙananan zobba na ƙarfe, zobban nan su ne ma'aunin kaurin da za ka tsaya a kai. Sai gurza. Kuma a nan ne aikin yake, saboda wajen baki katakon da zai rage a kan bututun bai fi milimita 1 ba, cizal ɗinka in ya dakushe ko ka danna da ƙarfi kaɗan sai ka ji ƙas, gefe ya ɓalle tagulla ta fito, aikin ya tashi a banza. In ka ɗaure noti na sandar da yawa ta lanƙwashe kaɗan, biron ya fito ba zagaye sosai ba, ba za ka gani da ido ba sai ka haɗa ka shafa da yatsa ka ji gefe ɗaya ya fi ƙarfen tudu. Bayan nan samfefa, daga mai kaushi kamar 150 kana hawa har 600, kuma kowane mataki sai ka kashe inji ka goga ta tsawo in ba haka ba zoben karce zai fito ƙarƙashin ƙyallin. Ƙyallin nan da kuke gani yawanci sufa gulu ne ake shafawa siriri-siriri sau da yawa a goge, warinsa yana yaji a ido da hanci, dole iska da takunkumi. Sai a ƙarshe a matse baki da maƙali da abin juyawa a cikin bututun, wannan ma in ka tura abin juyawar ya wuce kima bakin biron ba zai koma ciki ba.

Mai koyo na gaskiya biron farko da zai yi zai rubuta, amma za ka ga tudu da kwari, karce, gam ya yi fari-fari a wani wuri. Wannan ba abin kunya ba ne, haka kowa yake farawa, a hankali hannu yake faɗawa, ka koyi wasa cizal wanda shi ne rabin sana'ar, bayan watanni ka fara fitar da abin da za ka iya sa wa kuɗi ba ka sunkuyar da kai ba. Su kuma mutanen nan sun san haka sarai, a kansa ma suka gina damfarar.

Domin ga yadda suka yi. Sun ce dole a wajensu za ka sayi katako da kayan haɗi in ba haka ba ba za su karɓi aikinka ba. Katakon da suka turo wai madobiya ce, na yanka ɗaya a gaban yaron, waje ja ciki fari fat, farin katako ne mai laushi aka tsoma a kala, kuma ɗanye, kana jin sanyinsa a tafin hannu. Ɗanyen katako in ka yi biro da shi yana bushewa yana tsukewa, tagullar da ke ciki ba ta tsukewa, sai ya tsage ta tsawo, shi ya sa masu katako suke cewa a ba kowane inci ɗaya na kauri wajen shekara guda ya sha iska a inuwa. Yaron nan bai karaya ba, ya zo ya zauna a injina ya yi ta fama har ya fitar da wasu masu kyau daidai mai koyo, ya biya kuɗin mota ya tura musu. Amsa ta dawo wai ba su kai matakin fitarwa waje ba, ya sake sayen kaya ya gwada. Birukan kuma ba a dawo masa da su ba. Da ya matsa sai aka ce to an karɓa, amma sai ya biya kuɗin satifiket na fitar da kaya da na kwastan kafin dala ta shigo. Ranar da ya ce a cire a cikin kuɗin da zai samu, ranar aka fitar da shi daga guruf aka toshe lambarsa. Kuma guruf ɗin dama admin kaɗai ke iya rubutu, hotunan alat ake ta zubawa wai na waɗanda aka biya, ba wanda zai iya tambayar ɗan uwansa ko da gaske ne.

Maganar satifiket ɗin nan ƙarya ce tsagwaronta. Wanda yake fitar da kaya shi ne yake rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, shi ne yake cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinsa, ba yaron da ya sayar masa da biro a cikin gida ba. In kai ne mai saye me ya haɗa ni da kwastan ɗinka? Sannan madobiyar da suke ta ambata kamar abin banza, tun 2017 take cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya da ke taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, saboda yadda aka yi ta sare ta ana lodawa zuwa Sin, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya zuwa waje. Duk wanda yake harkar fitar da kayan katako da gaske ya san wannan, ba zai zo TikTok yana ihun sunanta ba.

Bidiyon ma ba nasu ba ne. Ku tsayar da shi ku duba bango, soket ɗin da ke jiki mai siraran ramuka biyu ne a tsaye irin na Amurka, ba irin namu mai ƙafa uku ba, kuma ba a taɓa nuna fuskar mai aikin tare da muryar da ke magana ba. Wannan ma ya tuna min, ko injin gaske ne in na kasuwar Amurka ne wutar 110 zuwa 120 yake ci, tamu 220 zuwa 240 ce, ka jona kai tsaye ba taransifoma ka ƙona moto, saboda haka masu sayen na hannu su riƙa karanta farantin da ke jikin moto.

Ni abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne duk da kuɗin mahaifiyarsa ne na adashi. Yaron nan ya zo yana ce min "Kawu ƙila hannuna ne ba shi da kyau." Wato sun karɓe kuɗinsa sun kuma sa masa shakkar kansa, alhali aikinsa yana tafiya yadda ya kamata, na ce masa ɗana ko ni na yi biron nan da hannuna haka za su ce bai yi ba, don ba su da niyyar saye tun farko.

Wanda yake son sana'ar nan, kuma sana'a ce mai kyau, ya fara zuwa wajen masu gurza ƙafar kujera a garinsu ya ga inji yana aiki, ya roƙa a bar shi ya riƙe cizal. Guntayen busasshen madaci, kirya, kanya ko darbejiya suna nan zube a shagunan kafintoci da 'Yan Katako ta Na'ibawa in a Kano kake, da kuɗi kaɗan za a tara maka buhu. In inji za ka saya gani ya kori ji, a kunna a gabanka a ɗora katako mai tauri ka gurza da kanka. In nesa ne a yi kiran bidiyo kai tsaye, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye a kan injin ya kunna, ka tambayi nauyi da ƙarfin moto, ka kuma duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ga ko ya yi daidai da sunan asusun. A Kaduna masu ƙira na Panteka ma suna haɗa injina, aƙalla ka san shagon da za ka koma in abu ya lalace.

Waɗanda abin ya riga ya faɗa wa kuma dan Allah kar kunya ta sa ku yi shiru, kar kuma ku goge hirar don haushi. Ku je bankinku da wuri ku shigar da ƙorafi a rubuce, sannan 'yan sanda ko EFCC, dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar kuɗin mutane da ƙarya. Ban sa suna ko lamba a nan ba saboda suna canza sunan shafin, kuma asusun ma zai iya zama na wani ne aka yi amfani da shi, wannan aikin masu bincike ne. Mu muna haɗa namu ƙorafin yanzu, wanda yake cikin guruf ɗin ko aka fitar da shi ya yi min magana ta inbos, ya tanadi rasit ɗin tura kuɗi, hoton hirarsu, lambar asusun da takardar tasha in an turo masa kaya, mu kai gaba ɗaya.