Espresso a gida: wane inji ya dace da mutumin Gusau?

Kafin ka tura kuɗi Legas ko Abuja a aiko maka da injin espresso, wato gahawa mai ƙarfi da ake samu ta matsa ruwan zafi ya ratsa garin gahawa, fara duba wutar gidanka. Injin lantarki irin De'Longhi Dedica yana jan wat wajen 1,300, ƙaramin janareton da ke ɗaukar fanka da talabijin kuwa ba ya kai wat 1,000. Mai sola ma sai inbatarsa tana da ƙarfi. Idan aka kawo wuta da rauni, ruwan ba ya yin zafin da ake so, wato digiri 90 zuwa 96, gahawar sai ta fito da tsami. Ga mai tsayayyar wuta dai injin nan ba laifi: giram 18 na garin gahawa, ka samu giram 36 a finjali cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Kada “bar 15” (bar ma'aunin matsin ruwa ne) da ke jikin kwali ya ruɗe ka, matsin bar 9 espresso yake buƙata, sauran duk talla ce.

Na kafso (ɗan ƙoƙon da aka rufe garin gahawa a ciki), irin Nespresso, ba wuya: saka, danna, sha. Amma kafson ba a shagon unguwa ake samunsa ba, ranar da ya ƙare injin ya zama ado a kan kanta.

Ni a ganina, yawancinmu tukunyar moka ce daidai da mu. Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933, kuma har yau da wuya ka shiga gidan Ba'italiye ka rasa ta. Gida uku gare ta: ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, gahawa ta hau sama. Ka cika ruwa zuwa ƙarƙashin ɗan bawul ɗin da ke gefe, ka zuba gari ba tare da dannawa ba, ka ɗora a gas ko kurfoti da wuta kaɗan. Da ka ji ta fara kurɓe-kurɓe tana tofar da kumfa, sauke ta maza, in ba haka ba ɗaci zai shiga. Gaskiya matsinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, don haka ba za ka ga kumfa mai launin zuma da ke kan espresso na ainihi ba. Amma da madara da sukari, mai shayin tasha ma sai ya tambaye ka sirrin.

Wanda ya nace sai espresso na ainihi, ya nemi na hannu, Flair ko Wacaco Picopresso. Ka tafasa ruwa a buta, damtsenka ya yi aikin famfo. Finjali ɗaya ne kowane zuwa, in baƙi sun cika zaure ka sha aiki.

Sai injin niƙa, inda mutane ke yin ƙwauron kuɗi. Bilenda da turmi suna fitar da gari wani tsaki wani laushi, ruwa ya bi ta inda ya fi sauƙi. Sayi na hannu mai haƙoran ƙarfe da ake saita laushinsa, ko da ya fi tukunyar tsada. Kuma kada wanda zai zo daga Amurka ya riƙo maka injin lantarki: nasu bolt 120 ne, namu 230, jonawar farko zai ƙone.