Tarwaɗa mai rai, banda, na ƙanƙara ko "kifi mai tashi": wanne ya cancanci kuɗinki a Kano?

Kano ba ta da teku, amma kifi bai taɓa yanke mata ba. Ɗanye yana shigowa daga madatsun Tiga da Challawa da kogin Wudil da gonakin kifi na gefen gari. Banda tana zuwa daga yankin Tafkin Chadi da Hadejiya da Yawuri. Na ƙanƙara kuwa daga tashar jiragen ruwa ta Legas ake loda shi, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya sauka. Duk za ki same su tsakanin kasuwannin Galadima da 'Yankura. Abin da nake dubawa kafin farashi, kafin ma daɗi, shi ne wanne ne mai sayarwa ba zai iya ɓoye mini halinsa ba.

Ta wannan ma'aunin babu kamar tarwaɗa mai rai. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa a baho da ɗan ruwa kaɗan ba ta mutu ba. Ki tsaya a kan bahon, ki nuna wadda ta fi watsal-watsal, a buge ta a yanka a gabanki. Wadda ta kwanta lamo, ko fatarta ta yi fari-fari da ƙuraje, ko gashin bakinta ya gutsire, ki bar wa mai ita. Idan ya ce miki "Hajiya, ga wadda na yanka yanzun nan, ɗauki wannan," ki ce masa "Malam, na gode, waccan mai motsin nake so." Wadda aka riga aka yanka, shi kaɗai ya san ko da ranta aka yanka ta.

Tsakanin ta gona da ta kogi akwai bambanci. Ta gona a wata 4 zuwa 6 take isa sayarwa, tana da kitse, namanta da laushi, kuma idan wuta ta yi yawa sai ta dagargaje a tukunya. Ta kogi ta fi tsauri da ɗanɗano, ba kullum ake samu ba, kuma ta fi tsada. Don farfesu ni ta kogi nake nema, matsakaiciya, ba ƙatuwar da mai zai taso ya rufe romo ba. Masu ƙorafin yauƙi, a zuba mata ruwan zafi na ɗan lokaci, a kankare, a bi da gishiri da lemon tsami, shi ke nan. Citta, masoro, tafarnuwa, attaruhu da ɗan ɗoɗɗoya, kuma kada a juya da ludayi, a riƙa girgiza tukunyar. Ga ƙarancin ƙaya, yaro ma zai ci hankalinki kwance.

Ragon ruwa ya fi tarwaɗa zaƙi, ban musa ba, sai dai a mace yake zuwa kuma kuɗinsa na masu hali ne. Ƙarfasa tana da daɗi a suya amma ƙaya ta yi mata yawa. Giwan ruwa sai ranar baƙi. Na gwangwani kuwa abincin matafiyi ne da ɗan makarantar kwana.

Na ƙanƙara, wato su sukumbiya da shawa da kote da fanla, shi ne rufin asirin gidaje da yawa, kuma in ya zo da lafiyarsa ba shi da laifi. Matsalar ɗauke wuta ce: ya narke, ya sake daskarewa, ya sake narkewa. Sukumbiya idan ta sha zafi tana tara wani sinadari mai sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Ki danna da yatsa, in wurin ya lotsa bai dawo ba, ko ciki ya fashe, ko katan ɗin ya jiƙe da jini ya bushe, ki wuce.

Banda ce ta koya mini tsoro. An taɓa sayar mini da wata mai sheƙi, baƙa wuluk, kowace a naɗe tsaf, babu ko ƙwaro ɗaya. Da na zuba mata ruwan zafi sai wani wari ya taso mai hawa kai, irin na maganin sauro, ruwan kuma ya yi wani maiƙo a sama. Tukunyar miyar kuka guda na zubar. Abin da ke faruwa shi ne ƙwari suna cin busasshen kifi a buhu, sai wasu marasa tsoron Allah su yayyafa masa fiya-fiya don kada ya yi gari. Guba ce ta feshin gona, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni barkatai, amma har yau ana samu. Don haka banda mai tsabta fiye da ƙima abar zargi ce a wurina. Ki ɗauka ki sansana, ƙamshin hayaƙin itace kaɗai ya kamata ki ji. Ki duba ƙasan tire ko akwai matattun ƙudaje. Ki ce a karya miki ɗaya: waje na iya bushewa ƙayau alhali ciki danshi ne da funfuna, domin wadda ba ta gama bushewa ba ta fi nauyi da cika ido. Ki shafa da yatsa, in ya yi maiƙo to mai yiwuwa an shafe ta da mai ne don tsohuwa ta koma sabuwa. Wanda ya hana ki karyawa ya riga ya ba ki amsa. Ni yanzu tarwaɗata nake saya da rai, in kai wa masu banda su yi mini, in biya ladan aiki.

Sai kuma sabon yayi. Wata ƙanwata ta nuna mini talla a WhatsApp: busasshen "kifi mai tashi" daga ƙasar waje, ƙunshi ɗaya kuɗin tarwaɗa baho guda. "Yaya, ko mu gwada?" Na ce ta ƙara girman hoton, sai ga wasu 'yan kifaye ba kai ba fiffike, sak shawa.

Kifin dai gaskiya ne akwai shi. Yana rayuwa a saman ruwan teku mai ɗumi, nau'insa ya haura 60, kuma ba ya kaɗa fiffike irin na tsuntsu. Gudu yake yi a ruwa, ya faso waje, ya buɗe dogayen fikafikan gefensa ya yi ta shawagi don tsere wa manyan kifaye, yana dukan ruwa da jela in zai ƙara nisa. A 2008 masu ɗaukar hoton talabijin a Japan sun ɗauki wani da ya yi daƙiƙa 45 a sama. A tsibirin Barbados shi ne abincin ƙasa, ana cinsa da wani tuwon masara mai kuɓewa da suke kira cou-cou, har hotonsa ke kan kwabbansu na dala 1. Japanawa suna busar da shi su yi romo, ƙwansa kuma, tobiko, suna ɗora shi a kan sushi, wani abincinsu na shinkafa da kifi. Ba ya zama a kogi ko dam, saboda haka duk wanda ya ce miki daga Tiga ko Baga ya kamo shi, ƙarya yake shara miki.

In kin nace sai kin ɗanɗana, shaidarsa a jikinsa take. Fikafikan gefe dogaye ne, suna kaiwa kusan jela, sannan reshen jela na ƙasa ya fi na sama tsawo. Ƙaramin kifi ne, da wuya ya wuce tsawon ruler ɗin 'yan makaranta da yawa. In an yanke kai da fiffike da jela, babu abin da zai raba miki shi da shawa, kuma mai yankewar ya san haka. Ƙwan ma ba a bar shi ba, ana rina masago, wato ƙwan wani ƙaramin kifin ruwan sanyi, a sayar da sunan tobiko, alhali na gaskiyar ya fi girma kuma yana fashewa ƙaras a haƙori. Ki nemi a turo miki bidiyon kifin cikakke, a buɗe fiffiken da hannu, ki ga takardar da ke jikin ledar da ranar lalacewa, kuma kada ki tura ko sisi sai kaya sun iso ƙofar gida kin buɗe kin sansana.