Mastas a zanen gine-gine: na gida mai shekara biyu ko na Ingila mai shekara ɗaya?

Wani ƙanenmu a wannan zaure ya ce ya gama digirin farko a zanen gine-gine, ya kammala bautar ƙasa, kuma yana tsakanin zaɓi biyu: ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi mastas na shekara biyu, ko ya karɓi gurbin da wata jami'a a Ingila ta ba shi na shekara ɗaya a fannin gini mai dacewa da muhalli. Ya ce tunda duka mastas ne, me zai hana ya ɗauki gajeren?

Ƙanena, sunansu ne ɗaya, amma aikinsu daban, kuma a nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗi da shekaru.

Na gida shi ne rabi na biyu na karatun sana'a. Tsarin Najeriya shekara huɗu ne na digirin farko, sai biyu na mastas. A jami'o'in fasaha irin ta Minna digirin farkon shekara biyar ne. Da digirin farko kawai za ka iya zane a ofishin wani, amma ba ka kai ka buga hatiminka a kan zane ba. Hukumar ARCON, wadda doka mai lamba 10 ta 1969 ta kafa, ita ke yi wa masu sana'ar rajista, kuma hanyar zuwa gare ta ta bi ta mastas ɗin da ta amince da shi, sannan aiki a ƙarƙashin mai rajista, sannan jarrabawar ƙwarewa. A shekaru biyun nan sutudiyo ne zai ci yawancin lokacinka: ka ɗauki babban aiki, kamar asibiti ko kasuwa, ka bi shi tun daga nazarin fili har zanen da za a miƙa wa magina, ka tsaya gaban malamai da ƙwararru daga waje ka kare shi.

Na shekara ɗaya a Ingila kuwa karatun zurfafawa ne a ɓangare guda: lissafin zafi da haske a cikin gini, ko tsara birane, ko adana tsofaffin gine-gine. Ilimi ne mai amfani sosai, kayan aiki da ɗakunan karatunsu ma sun fi namu nesa ba kusa ba. Sai dai ko ɗan ƙasar bai zama mai lasisi da shi. Hanyar da aka saba a can matakai uku ce da RIBA, ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya, ta shahara da su: shekara uku na farko, shekara biyu na mastas ɗin sana'a, sai mataki na uku bayan an yi aiki, kuma hukumar ARB ce ke riƙe da rajista. Kwas ɗin da aka ba ka ba ya cikin matakan nan. Ga tsada: a jami'o'i da yawa kuɗin makaranta kaɗai ga ɗalibin waje ya haura fam 20,000, ban da haya da abinci. Tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya da ake kira Chevening ma na mastas mai shekara ɗaya ne, don haka mai dogaro da shi yawanci kwas ɗin zurfafawa zai samu, ba na sana'a ba.

Abin da ya fi jan hankalina zuwa Zariya ba arha ba ne kawai. Sashen zanen gine-gine na can shi ne mafi daɗewa a Najeriya. An fara shi a Ibadan a 1952, aka mayar da shi Zariya a 1955, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kuma garin kansa makaranta ne. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 yana nan, da bakan gizonsa na azara da ƙasa. Wanda zai yi wa mutanenmu gida yana bukatar sanin dalilin da ya sa zaure ke gaba, yadda katangar tubali mai kauri ke riƙe sanyi a watan Afrilu, inda ruwan Agusta ke cin gini, da yadda ake magana da birkila da ɗan kwangila. A Ingila yawancin damuwarsu yadda za a tsare ɗumi ne a cikin ɗaki. Mu tamu yadda za a kore shi. Ƙa'idar lissafin ɗaya ce, amma kai ne za ka juya ta da kanka in ka dawo.

Ba ina cewa fita ba ta da riba ba. Francis Kéré na Burkina Faso a Berlin ya yi karatu, ya gina makarantar ƙauyensu Gando da ƙasa a 2001, ya ci Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Mariam Issoufou ta Nijar da kwamfuta ta fara, daga baya ta yi mastas a Jami'ar Washington ta Amurka, inda tsarinsu ya buɗe wa wanda bai karanta fannin tun farko ba kwas na kimanin shekara uku. Tana cikin waɗanda suka zana masallaci da ɗakin karatu na garin Dandaji a Nijar. Amma ka lura, dukansu cikakken karatun sana'a suka yi, ba kwas ɗin wata goma sha biyu ba.

Don haka in burinka ka buɗe ofis a Kano ko Kaduna ko Abuja, yi na gida tukuna, ka samu rajista, daga baya ka nemi tallafi ka je zurfafawa. Lokacin ka riga ka san matsalar da za ka je nemo wa magani. In koyarwa da bincike kake so, ko aiki da hukumomin raya birane, na Ingila zai iya yi maka amfani tun yanzu. In kuma zuciyarka ta riga ta tafi, kafin ka biya ko kwabo ka rubuta wa jami'ar ka tambaye ta ko kwas ɗin yana kai wa ga rajistar ARB, ka kuma kai sunan kwas ɗin da jerin darussansa ofishin ARCON ka nemi amsa a rubuce.