Sharhi kan faifan Blu-ray na The Battle of Algiers da Criterion ya fitar

Duk wanda ke son sanin abin da ya sa tsofaffin fina-finan yaƙi baƙi da fari suka ƙi tsufa, wannan faifai ne ya kamata ya fara da shi. Gillo Pontecorvo, ɗan Italiya, ya fitar da fim ɗin a 1966, shekara huɗu kacal bayan Aljeriya ta karɓi 'yancinta daga Faransa, kuma a shekarar ya lashe babbar lambar yabo ta bikin fina-finai na Venice. Labarin gumurzun da aka yi ne a birnin Aljiyas tsakanin mayaƙan FLN, ƙungiyar neman 'yancin Aljeriya, da sojojin laima na Faransa, musamman a 1956 da 1957. Tsawonsa minti 121 ne, ana magana da Larabci da Faransanci. Kamfanin Criterion na Amurka ya fitar da shi a DVD a 2004, sannan a Blu-ray a 2011. Hukuncinmu a kansa shi ne: faifan ya cancanci saye, amma da sharaɗi biyu, a tabbatar na'urar da ke gida za ta karɓe shi, a kuma gyara saitin talabijin kafin a danna kunnawa.

Mu fara da hoton, domin a nan ne darajar faifan take. A 1966 fim mai launi ba baƙon abu ba ne, ya riga ya cika gidajen sinima. Da gangan Pontecorvo da mai ɗaukar hotonsa Marcello Gatti suka zaɓi baƙi da fari, saboda mutanen zamanin da labaran sinima da hotunan jarida suka san yaƙi, kuma duk baƙi da fari ne. Sun ɗauki kyamara a hannu sun shiga ainihin lungunan Kasba, tsohuwar unguwar 'yan ƙasa a Aljiyas, sun yi amfani da gilashin hango nesa don a ga fuska a tsakiyar cunkoso kamar ba ta san ana ɗaukarta ba. A ɗakin wanke fim kuma an sake kwafar fim daga fim domin ƙwayoyin hoton su yi kauri, baƙin ya ƙara duhu, farin ya ƙara kaifi. Abin ya yi kama da gaske har sai da aka sanya sanarwa a farkon kwafin da aka nuna a Amurka cewa babu ko guntun hoton labarai a cikinsa.

Waɗannan ƙwayoyi da ke motsi a kan allo ba datti ba ne. Fim baƙi da fari ɓarɓashin azurfa ne a kan leda, kuma su ne hoton kansa. Wanda ya goge su ya goge gumin goshi da zaren riga da kaushin bango. Shi ya sa abin yabo na farko a wannan bugu shi ne an bar su yadda suke, kuma Gatti da kansa ya sa ido a kan aikin mayar da fim ɗin zuwa kwamfuta. Wanda ya taɓa ganin Blu-ray na fim ɗin yaƙi The Longest Day da ya fito a 2008 ya san kishiyar haka: an wanke ƙwayoyin da manhajar rage hayaniyar hoto har fuskokin sojoji suka zama sumul kamar an ƙera su da kakin zuma, masu sharhi kuma sun daɗe suna kafa misali da shi. Azurfar nan tana da wani alheri kuma. Rinin fina-finai masu launi na shekarun 1950 da 1960 yakan koɗe ya koma ja-ja idan an daɗe da ajiya, ita kuwa azurfa ba ta koɗewa haka. Wannan na cikin dalilan da suka sa fim baƙi da fari mai shekara kusan sittin yake fitowa garau fiye da takwaransa mai launi.

Wurin da ya fi dacewa a gwada faifan shi ne inda mata uku 'yan FLN suke sauya kama a gaban madubi, suna aske gashi suna rina shi, suna cire lulluɓi su sa tufafin Turawa, ganga tana bugawa babu mai cewa uffan. Daga nan su ratsa shingen sojoji da kwanduna ɗauke da bam. Kyamara tana tsayawa a kan waɗanda za su mutu: matasa suna rawa, mutane a bakin kanta, ƙaramin yaro yana lasar askirim. A kwafi maras kyau fuskokin nan sukan narke su zama fari fat ko baƙi ƙirin. A wannan faifai ana ganin matakan toka-toka da ke tsakani, kuma a cikinsu ne tsoro da shakka suke bayyana a idon matan. Babu jan jini da zai ɗauke hankali, babu launin kaki ko shuɗin teku, ido ba shi da wurin zuwa sai fuska. Fim ɗin ba ya ɓoye goyon bayansa ga 'yancin Aljeriya, amma kiɗan makoki iri ɗaya Ennio Morricone da Pontecorvo suka sa a kan gawarwakin Kasba da gawarwakin unguwar Turawa. Jean Martin, wanda ya fito a Kanar Mathieu, kwamandan sojojin laiman Faransa, shi ne gogaggen ɗan wasa a cikinsu. Brahim Haggiag da ya fito a Ali La Pointe, mayaƙin FLN da labarin ke bi, bai taɓa yin fim ba, Saadi Yacef kuwa tsohon kwamandan FLN ne da ya taka rawar da ta yi kama da tasa.

Yanzu sharaɗi na farko. Faifan Blu-ray yana da kulle na yanki. Yankin A ya ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, yankin B ya ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, yankin C kuma Rasha da Sin da Indiya. Wannan bugu na yankin A ne. Idan aka saka shi a na'urar yankin B, saƙon ƙin karɓa kawai zai fito, kuma ba lalacewa faifan ya yi ba. A duba bayan na'ura ko kwalinta, akwai harafin a cikin ƙaramin tambari. Na'urar wasa ta PlayStation ma tana bin wannan kulle a faifan fim. Mafita biyu ce: na'urar da aka buɗe wa dukkan yankuna, ko bugun Birtaniya na yankin B. A kula kuma, na'urar DVD zalla ba ta karanta Blu-ray ko kaɗan.

Sharaɗi na biyu ya fi cin mutane, domin laifin yakan faɗa kan faifan alhali na talabijin ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Talabijin na zamani yakan ƙirƙiro hotunan ƙarya ya cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. LG na kiran abin TruMotion, Sony na kiransa Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus. A fim da aka ɗauka da kyamara a hannu wannan bala'i ne: girgizar kyamara tana rikita lissafin, sai a ga gefen kawunan mutane yana yagewa a wuraren zanga-zanga. A kashe shi gaba ɗaya. A kashe duk wani saitin rage hayaniyar hoto, domin talabijin yana ɗaukar ƙwayoyin azurfa a matsayin aibi. A sauke ƙarin kaifi zuwa sifili ko kusa da shi, in ba haka ba farin zobe zai kewaye duk wani baƙin abu. Zafin launi a mayar da shi kan mai ɗumi, wanda ya fi kusa da ma'aunin farin haske na 6500K da ake tsara fina-finai a kansa, saboda saitin da talabijin ke zuwa da shi yakan mayar da toka shuɗiya. Wanda talabijin ɗinsa ke da Filmmaker Mode, dannawa ɗaya ta yi masa yawancin wannan aiki.

Saura abu biyu ƙanana. A na'urar faifan a zaɓi fitarwa ta 1080p/24, wato cikakken hoton HD mai tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Sannan a tabbatar ma'aunin baƙi ya dace tsakanin na'ura da talabijin. Blu-ray yana aiki da matakan haske daga 16 (baƙi) zuwa 235 (fari). Idan talabijin yana jiran 0 zuwa 255, baƙi zai zama toka, fim ya yi fari-fari. Idan aka samu akasin haka, duhun lungunan Kasba zai haɗiye komai, har maɓoyar Ali da ke bayan bango ba za a ga ko su waye a ciki ba. Faɗin hoton 1.85:1 ne, allon talabijin kuwa 1.78:1, don haka siririn baƙin layi zai fito sama da ƙasa. Haka ya kamata, kada a zuƙo hoton don a cike shi.

Wani zai ce ai ana samun fim ɗin a intanet. Ana samu, amma ƙwayoyin fim su ne abin da matse bidiyo ya fi wahalar riƙewa, tunda kowane hoto da nasa. Blu-ray yana iya kai megabit 40 a daƙiƙa a bidiyo kaɗai, yawancin shafukan kallo kuwa ba sa kai 10 a 1080p. Inda bambancin ya fi fitowa shi ne hayaƙi da hazo na ƙarshen fim, a zanga-zangar Disambar 1960, wanda a intanet yakan farfashe ya zama murabba'ai.

Sautin tilo ne, wato ta hanya ɗaya yake fita, ba a matse shi ba, kuma an kyauta da ba a raba shi zuwa lasifika biyar ba. Guɗar matan Kasba tana fita da kaifinta. Wani lokaci baki da murya ba sa haɗuwa daidai. Wannan daga asali ne, domin a ɗakin naɗi aka sa muryoyi daga baya kamar yadda aka saba a fina-finan Italiya na lokacin, kuma babu saitin da zai gyara shi.

Ƙarin shirye-shiryen da ke ciki suna da nauyi sosai. Akwai shiri kan rayuwar Pontecorvo da marubuci Edward Said ya gabatar, da tattaunawa da daraktoci biyar da suka haɗa da Spike Lee da Mira Nair da Oliver Stone, da tsofaffin hafsoshin Faransa suna magana da bakinsu kan azabtar da fursunoni, da komawar Pontecorvo Aljiyas a 1992. Wanda bai san tarihin ba, gara ya fara kallon fim ɗin, sannan shirin tarihi, sannan ya sake kallo. A karo na biyu ne za a gane dalilin da ya sa bai samu fitowa sosai a gidajen sinimar Faransa ba sai 1971, da dalilin da ya sa ma'aikatar tsaron Amurka ta haska wa jami'anta shi a 2003.

Bugun yana da rauni biyu na gaske. Rubutun fassara Turanci ne kawai, fari ne kuma, don haka yakan ɓace a kan farin bango ko farin mayafi. Na biyu, aikin hoton ya girmi sabon gyaran hoto na 4K da aka yi wa fim ɗin a Italiya a 2016, saboda haka akwai 'yan tabo da ɗan rawar haske a wasu wurare da sabon gyaran ya rage. Mai na'urar yankin B da hoto kaɗai ya dame shi, ya nemi bugun da aka gina a kan gyaran 2016, ya karanta bayan kwali ya ga an rubuta hakan. Mai son tarihin yaƙin tare da fim ɗin, na Criterion ya fi masa. Idan faifan ya fara tsalle, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki a miƙe, ba a zagaye ba, domin bayanan suna kwance milimita 0.1 kacal a ƙarƙashin fuskarsa.