Hattara da mai "kejin kunkuru" da ke talla a WhatsApp

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai kiwon kunkuru a gidansa, a nan Garwa ko Marwa ko Kusiri, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko dala.

Akwai wani mutum da ke tallata kansa a Facebook da zaurukan WhatsApp da sunan mai walda, wai ya ƙware wajen haɗa wa kunkuru kejin da kare ko ɓera ba za su iya shiga ba. Hotunan da yake sakawa suna da kyau, amma ku lura da ciyawar nan kore shar da katangar katako. Ba a ƙasarmu aka ɗauke su ba, daga intanet ya kwaso. Suna da lamba yana canza su, salon ne ba ya canzawa: a tura masa rabin kuɗi ta waya ya sayo raga da ƙarfe. Wasu daga nan shi ke nan, lamba ta daina shiga.

Waɗanda ya zo ya yi wa aikin su suka fi asara, domin su har da ran dabbobinsu suka rasa. Wata Hajiya maƙwabciyarmu tana da manyan kunkuru biyu da marigayi maigidanta ya bari, bana suka yi ƙyanƙyasa. Ya ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ragar ko kura ba ta keta ta." Bayan ruwan farko ta aiko a kira ni, ta ce, "Ɗana, zo ka ga abin da aka yi mini." Ragar kaji ce ya fesa wa fenti ruwan azurfa, ya ce mai hana tsatsa ce. Fentin ya ɓare, tsatsa ta kama ta. Ya ɗora kejin a kan ƙasa kawai, babu tushe. Gafiya ta haƙo ta ƙarƙashi da dare ta cinye ƙafafun 'ya'yan, wasu an tarar da su matattu, wasu da sauran numfashi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Wanda bai san wannan dabba ba shi ake cuta da irin wannan aiki. Babban kunkurun Sahel, mai ƙaya a cinya, shi ne mafi girma a cikin kunkurun tudu na nahiyar Afirka. Namijin da ya riƙa yakan wuce kilo 40, kuma mahaƙin rami ne, a daji yana yin rami mai tsawon mitoci don ya tsere wa rana. Ragar kaji ba za ta tare shi ba. Kuma muddin yana hangen waje ta cikin raga, zai yi ta tura ta har sai ya kayar da ita ko ya ji wa kansa ciwo. Abin da yake buƙata katangar bulo ce wadda ba ya ganin bayanta, tsayinta kamar santimita 60, tushenta ya nutse cikin ƙasa aƙalla santimita 30 zuwa 50. Wannan aikin magini ne kafin a zo kan mai walda.

'Ya'yan kuwa sha'aninsu daban. Sabon ƙyanƙyasa bai fi santimita 5 ba, ƙoƙon bayansa da taushi, kowa na iya cinsa: ɓera da gafiya da dare, hankaka da shirwa da rana, ga damo, ga kyanwar maƙwabta. Su ne suke buƙatar murfi a sama, na raga mai kauri wadda aka yi wa walda, idonta bai fi santimita 1 ba, a shimfiɗa irinta a ƙarƙashi a rufe da ƙasa, sannan a sa wa murfin kwaɗo saboda yara da karnuka.

Wani abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne rufin. Kwano mutumin nan ya buga, ƙasa-ƙasa, babu inuwar bishiya, babu rami. Kowa ya san yadda Garwa take a watan Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Kejin kwano a wannan lokaci tanda ce. A yi musu wurin a ƙarƙashin darbejiya, da rumfar zana, da kwanon ruwa marar zurfi wanda ɗan kunkuru zai shiga ya fita da kansa.

Yana kuma sayar da wata takarda mai hatimi, wai izinin riƙe kunkuru, har yana cewa zai haɗa ku da Turawa masu sayen 'ya'yan. Kada ku karɓa. Takardun namun daji aikin ma'aikatar gandun daji da namun daji ne, ba na mai walda ba. Wannan kunkuru yana cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. Mai tambaya ya je ofishin ma'aikatar, ko Makarantar Namun Daji da ke nan Garwa, su ne masanan abin.

In za ku ba wani aikin, ku je shagonsa da ƙafarku, ku ga aikin da ya taɓa yi a gidan wanda kuka sani. Ragar ku saya da kanku a kasuwa, ku kankare ta da ƙusa a gaban mai ita, fenti zai nuna kansa. Kuɗin hannu kuma sai an gama. Wanda mutumin nan ya riga ya karɓe wa kuɗi kada ya goge saƙonnin da shaidar turawar, ya kai su wurin jandarma, ya kuma sanar da jauron unguwarsu. Har yanzu yana talla, da sabuwar lamba.