Matrigel na kamfanin Corning: shimfiɗa mai kyau, amma mai son sanyi

Duk mai renon ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje ya san Matrigel, wani abu mai kama da jeli da ake renon ƙwayoyin a kai ko a cikinsa. Ana tatso shi daga wani ƙari na ɓera, kuma mafi yawansa furotin laminin ne da kolajin nau'i na 4, wato irin shimfiɗar da ƙwayoyin ke zaune a kai cikin jiki. Shi ya sa ƙwayoyin hanji ke tashi a cikinsa su yi siffar ƙaramar gaɓa.

Wahalarsa zafi. A digiri 4 na ma'aunin Celsius ruwa ne, da ya haura digiri 10 sai ya fara daskarewa. A ajiye shi a digiri 20 ƙasa da sifili, a narkar da shi cikin ƙanƙara a firji ya kwana, sannan a rarraba shi ƙananan kwalabe, domin yawan narkarwa da mayarwa na lalata shi. Bakin bututun ɗiba ma a sanyaya shi, in ba haka ba zai toshe a hannunka, ga tsada kuwa. A ɗiga, a bar shi minti 30 a digiri 37 kafin a zuba ruwan reno. In an tsarma shi ƙasa da miligiram 3 na furotin a mililita, ba zai kama ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne kowane rukunin da kamfanin ya fitar da nasa yawan furotin, yawanci miligiram 8 zuwa 12 a mililita. A duba takardar rukunin, a sayi wanda zai isa gwajin gaba ɗaya. Kuma na bincike ne kawai, ba a sa wa majiyyaci.